Agarata ta tsinke ranar da Makka ta zama ta mata

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Daga Makka nake rubuto muku, da waya, da yatsa ɗaya, don haka in kun ga kuskure ku tsallake shi kawai. A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin ni yarinya ce siririya mai rawar kai, ban cika sha bakwai ba, ba na iya zama wuri ɗaya ko da an ɗaure ni. A unguwar Zahir, nan Makka, aka haife ni. Iyayena ta Sudan suka shigo, Baba yana sayar da tsire, Umma tana tuyar masa. Ni ce 'yar fari, kuma kun san yadda mutanenmu suke da ɗan fari. Umma ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta ɗaukata a gaban mutane. Ana yaye ni aka ba Gwaggo riƙona, yayar Baba, ita kuwa a Alƙahira take aure. Can na tashi, da takardar can nake yawo. Jefi-jefi ake kawo ni Makka, in na zo Umma ta ce wa ƙannena su ba 'yar Masar abinci. Sunana ke nan a bakinta, 'yar Masar.

A makaranta a Alƙahira na faɗa jumbaz, wato wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki. Ba irin na juye-juye a kan ƙarfe ba, a'a, wanda ake yi da kiɗa. Ana buga miki fiyano, ke kuma kina kan kafet da igiya, ko ƙwallo, ko ƙaton zoben katako wanda mutum zai iya shigewa ta ciki, kina juyi, kina tsalle, kina wurga shi sama kina cafewa, kuma rabin wasan a kan yatsun ƙafa kike. Mai koya mana wata Baturiya ce daga gabashin Turai, Madam muke ce mata, Larabcinta duk a karye, amma in ta daka tsawa kowa ya gane. Ita ta ɗauke ni daga layin 'yan makaranta ta kai ni kulob. Shekara ɗaya kafin abin da zan ba ku labari, ta tafi da mu ƙasarsu wata gasa da 'yan matan ƙasashe da dama suka zo. Sanyi kamar ya cire min kunne. Ni kaɗai ce baƙa a zauren, wasu yaran har taɓa hannuna suke su duba yatsunsu. Na shiga fili, na wurga zobe, ya dawo ya bugi gwiwata ya gangara waje, na bi shi da gudu fiyano na ta tafiya ba ya jirana. Can ƙasa-ƙasa na zo. Amma da muka fito wata tsohuwa cikin alƙalan ta tare Madam, ta ce mata yarinyar nan ba ta san komai ba tukuna, sai dai ba ta ga mai tashi sama kamarta ba a ranar. Tun a jirgi Madam ta fara sake min tsarin wasa, ta gina shi duka a kan tsallen nan. Shekara guda ina ta faman tashi da sauka. Aka zo zaɓen waɗanda za su je babbar gasar bazara, aka zaɓe ni, aka ajiye wata yarinya a bayana ko da wani abu zai faru.

Ana cikin haka Gwaggo ta ce za ta sauke farali, kuma da ni za ta, iyayena su gan ni. Madam ta yi tsalle ta dire, ta ce ba inda za ni. Gwaggo kuwa ba a ja da ita, ta ce yarinya da uwa da uba ba za a hana ta ganinsu ba saboda wasan gare-gare. A ƙarshe Madam ta haƙura, ta riƙe kunnena ta kafa min sharuɗa. Kullum in miƙe jijiyoyina, kada in yi tsalle sai jiki ya ɗau ɗumi, kada in yi tsalle a kan dutse ko siminti, kuma in na ji wani abu a ƙafa, likita, ba kowa ba sai likita. Na ce to. Na rataya zobena a kafaɗa muka hau jirgin ruwa zuwa Jidda, alhazai na ta tambayar Gwaggo ko bakin rariya ne, wani tsoho ma ya ce ai in rariya ce to garin aljanu ake tankaɗewa da ita.

Abin da ban lissafa ba shi ne lokacin Hajji ba mu da gida. Kowa a unguwarmu haya yake ba alhazai ɗakunansa, iyali su kwashe komatsai su koma saman bene. Muka iso na tarar da Umma da ƙannena da tukwane da tabarmi da buhun gawayi da akuya guda duk a saman benen nan da nake ta mafarkin zan yi atisaye a kai. Wurin da zan miƙe ƙafa ɗaya babu. In na ɗaga hannu in bugi shanya, in na juya in taka kasko. Zobena kuwa kwana ɗaya ya yi a hannuna, washegari na gan shi an rataye a ƙusa an shanya ɗankwalaye a kai. Na koma matattakalar bene ina miƙe ƙafa a jikin bango, sai alhazai su yi ta hawa da sauka da butoci, in ta sauke ƙafa ina gaisuwa. Ƙannena suna leƙe suna kwaikwayon Larabcina na Masar, ƙaramar ta ce wai in dai miƙa ce wannan, kyanwar maƙwabta ta fi ni kuma ba ta je Turai ba. Ba na barci sosai, ba na zama, ƙafafuna har zugi suke saboda rashin tsalle. Kullum ina ganin yarinyar can da aka ajiye a bayana tana kan kafet tana ta yi, ni kuma ina wankin kofunan shayi. Ga kuma cin masa. Umma ba za ta yi min magana ba, amma kullum da safe sai ta aiko ƙanwata da kwano shaƙe, wanda ya fi na kowa mai, ita kuma ta juya baya tana fifita wuta. In na rage sai ta ce wa iska wai mutanen Masar ba sa cin abincin talakawa. Sai in cinye, ina tuna ma'aunin nauyin da Madam ke ɗora mu a kai.

Sai ranar fita ta zo. Wanda bai zauna Makka a wancan zamanin ba ba zai gane ba. Maza kaf suke ficewa, ba alhazai kaɗai ba, har masu shago, masu mota, masu ɗebo ruwa, kowa ya bi alhazai Arfa da Muzdalifa da Mina neman lada da neman abinci. Baba ya kwashe tsinkayensa ya bi su, Gwaggo ma ta tafi da ayarinsu. Gari ya yi tsit, sai mata da yara da tsofaffin da ba sa iya tashi. Ranar Arfa mata su cika Harami su yi ɗawafi a sake, ba mai ture su. Kwanakin Mina kuwa wasa ake. Mata su sa kayan mazansu, a liƙa gemun auduga, wata ta zama ɗan sanda da kulki, wata ta zama attajiri da tumbin matashin kai, a zaga unguwa da kiɗa, in aka ci karo da namijin da ya maƙale bai fita ba a yi masa waƙa har sai ya gudu gida. Matan Hausawa na lunguna kuma suna da nasu ƙarin, su kife ƙwarya a cikin ruwa su kafa kiɗa.

Washegarin Sallah da la'asar aka kafa a lungunmu. Wata maƙwabciyarmu, mai jiki, wadda ta sa rigar mijinta ta zama ɗan sanda, ita ta hango ni a bakin ƙofa ina rawar ƙafa. Ta nuna ni da kulki ta ce a kamo mata 'yar Masar, an ce tana yi wa Turawa rawa, mu da muka ga ranar da aka yanke mata cibiya ba mu cancanci gani ba? Aka ɗauki shewa. Wata ta ce ai ƙarya ce, siraran ƙafafun nan in iska ta taso sai dai a nemo ta a Jidda. Kafin in buɗe baki ƙanwata ta zubar da ɗankwalayen ta sauko da zobe. Na kalli ƙasa. Lungun duwatsu ne da tsakuwa, ga gangara. Na san abin da Madam ta ce, wallahi kalma-kalma na tuna. Makonni ban yi tsalle ko ɗaya ba, jikina a sanyaye yake. Na ce a raina ai juyi kawai zan yi musu, in wurga zobe sau biyu, shi ke nan. Na ɗaure zane a kan wando na cire takalmi na shiga.

Fiyano yana da ƙarshe. Ya fara, ya ƙare, ki sunkuya ki fita. Ƙwarya ba ta da wannan. Mai kiɗa ƙafarki take kallo, in kin yi sauri ta ƙara, in ta ƙara ke ma ki ƙara, kuma ba a fita fili sai ta sake ki. Na wurga zobe ya wuce tagar bene na cafe, lungu ya kaure da ihu. Ɗan sandan nan ta yar da kulki, gemunta ya zazzago ya rataye a kunne ɗaya. Jikina da ya yi makonni a ɗaure ya ƙi jin magana. Na ja da baya na taho na yi tsallen, na shige ta cikin zoben a sama na sauka. Ƙafar ta ɗan yi min wani tsam a baya, sama da diddige. Nan ya kamata in tsaya. Har na ɗaga hannu zan sunkuya, sai na ji guɗa daga sama, doguwa, muryar da na sani amma ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Na ɗaga kai. Umma ce a katangar bene, ta leƙo har ƙirji, ludayi a hannunta. Kuma ba guɗar kawai ba, ta kira sunana. Sunana na yanka, a gaban duk matan unguwa, ta ce in ƙara. Mata suka juya suna mata tsiya, wai yau kunya ta bi maza Mina. Ita ko a jikinta, ni take kallo.

Na ƙara. Na sake ƙarawa. Ban san ko sau nawa ba, ƙwarya na ta gudu ina bin ta, duk saukar da zan yi sai in ɗaga kai in ga ko tana nan. A na ƙarshen, ina taka ƙasa zan tashi, na ji ƙas, kamar an jefe ni da dutse a bayan ƙafa. Har na waiga in ga wanda ya jefe ni. Ba kowa a bayana. Na zo in taka, ƙafar ta tafi kamar ba tawa ba, na zube. Kuma tun ina ƙasan na san ko mene ne, don Madam ta taɓa ba mu labarin wata ɗalibarta da ta waiga haka tana neman wanda ya harbe ta. Agara ce, jijiyar nan mai kauri ta bayan diddige, wadda ke ɗaga mutum a kan yatsunsa. Madam ta ce in ta tsinke ba a ja, ba a takawa, ɗinki ake yi, kuma da wuri.

Aka ɗauke ni aka hau da ni sama. Likita fa? Likitocin ma yawancinsu suna Mina da alhazai, motar da za ta kai mutum asibiti ma babu direbanta. Aka kira Iya, ungozomar unguwa, wadda ita ce mai ɗorin yara in sun faɗi. Ta latsa nan ta latsa can, ta ce targaɗe ne, ita da ta gyara ƙafar raƙumi ma balle wannan tsinken. Ta sa aka danne ni, ta kama tafin ƙafar ta tanƙwara shi sama da ƙarfinta, na yi ƙara har akuya ta tsinke igiya. Ta ce a yi ta gashi da ruwan zafi safe da yamma, a shafa man shanu, kuma in riƙa takawa kada jini ya kwanta. Duk abin da aka hana, shi ta lissafa. Bakina ya buɗe zan ce a'a, a kai ni asibiti ko a kan jaki ne. Sai na ga Umma ta ture ƙanwata, ta ce ba ta iya ba, ta ajiye ƙwaryar ruwan zafi, ta zauna ta ɗora ƙafata a cinyarta. Ban taɓa sanin taushin hannunta ba sai ranar. Ta matse tsumma tana dannawa a hankali, kanta a sunkuye, tana faɗa wai mutum sai rawar kai kamar ubansa. Na rufe bakina.

Haka muka yi ta yi. Safe da yamma ƙafata na cinyarta. Ta koma ce min 'yar Masar, sunan nan bai sake fitowa ba, amma ruwan zafi bai taɓa latti ba. Ni kuma kowace safiya in farka da niyyar yau zan faɗa, in gwada ɗaga diddige a ɓoye in ga ko motsi babu, sai in ji ƙarar ƙwarya ta taho, in ce bari gobe. Da maza suka dawo, Baba ya duba ya ce ai Iya ta san aikinta. Gwaggo ta tsare ni da ido ta tambaye ni ko mu tafi Jidda a duba, na ce mata ɗan targaɗe ne, har na taka mata na nuna, ina jan ƙafar a kwance ina murmushi. Da ta tafi ziyara Madina ta ce in zauna in huta kafin jirgi. Na zauna. Zafin ya ragu, kumburin ya saɓe, na fara yawo da ɗingishi, har na fara yaudarar kaina cewa wataƙila Iya ce da gaskiya.

Ranar da na koma kulob Madam ba ta ko gaishe ni ba, tafiyata ta kalla tun daga ƙofa. Ta ce in tsaya a ƙafa ɗaya in hau yatsu. Na tsaya, na yunƙura, diddigen ya ƙi barin ƙasa. Ta kwantar da ni ta matsa sharaɓata, tafin ƙafar ko gezau. Ta tambaye ni tun yaushe, na faɗa mata. Ban taɓa ganin Baturiya ta zauna a ƙasa daɓas ba sai ranar. Ta yi ta magana da yarensu, daga baya ta juyo da karyayyen Larabcinta ta ce ai na sani, ita ta koya min, me ya hana ni magana? Ta yaya zan fassara mata? Likita ya yi aiki, ya ce an makara, jijiyar ta ja baya ta warke a sake, zan yi tafiya amma in manta da tsalle. Yarinyar da aka ajiye a bayana ita ta tafi gasar, da tsarin wasana, an rage mata tsayin tsallen. Na raka su tashar jirgin ƙasa da sanda, yarinyar ta rungume ni tana kuka, ni ce ma nake ba ta haƙuri.

Bayan wasu shekaru na dawo Makka gaba ɗaya, na yi aure, yanzu muna unguwar Aziziyya. Har yau in ina Safa da Marwa ƙafar hagu sai ta tuna min da kanta. Shekaru da yawa ina ɗauka ni kaɗai na yi shirun nan. Sai da Umma ta tsufa ƙwarai, ƙafafunta suka kumbura, na zama ni ke mata gashi. Wata safiya ƙafarta na cinyata, tana kallon bango, ta ce wai 'yar Masar, wancan ciwon ba targaɗe ba ne ko? Na ce a'a Umma. Ta ce ta sani. Tun ranar farko babban yatsanta ya faɗa wani rami a bayan ƙafar, wurin da ya kamata a ji jijiya, kuma ita da ta yi shekaru tana gyara ƙafar rago ta san abin da ramin nan yake nufi. Ta ce ta so ta faɗa, amma ta san tana faɗa za a ɗauke ni a yi Jidda da ni, daga Jidda sai Masar, kuma ba ta san ranar da za a sake ba ta ƙafar ta riƙe ba. Kullum sai ta ce bari gobe. Ruwan ya huce a hannuna ban sani ba, sai da ta ce in ƙaro na zafi.

Ban riƙe ta a zuciya ba, ban kuma riƙe Iya ba, abin da ta sani ta yi. Amma ƙafa ta tafi, kuma da ɗayanmu ta buɗe baki da an cece ta. 'Yan mata masu wasanni, na ga yanzu kun yi yawa har a nan, don Allah in jiki ya yi muku magana ku tsaya, ko duk unguwa na tafi, ko wa ke kallo. In abu ya yi ƙara a gaɓa, asibiti, ranar, ba gobe ba, kuma kada kunyar manya ta sa ku bari a ja abin da bai kamata a ja ba. Ku kuma iyaye masu kunyar ɗan fari, ban ce ku zubar da al'ada ba, amma yaron nan yana jin yunwar muryarku, kuma ba ku san abin da zai iya karyawa a jikinsa don ya ji ta ba. 'Yata ta fari, tun ranar suna nake kiran sunanta da ƙarfi, daga bene har titi. Mata sun yi ta min tsiya wai ba ni da kunya. Na ce musu e, a lungun Zahir na bar ta.